Wanda ya tafi da ƙafarsa, shi ma za a ce an yi safararsa?

Baban_Ilham
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci tun jiya. Ƙanwar matata ta samu wani ejan da ya ce zai kai ta aikatau ƙasar waje, biza da tikiti duk a kansa, in ta fara aiki a riƙa cirewa a albashi. Na ce mata ina tsoron kada a yi safararta, sai ta yi dariya ta ce ai safara sai wanda aka sace aka ɗaure aka jefa a mota, ita kuwa da hankalinta za ta tafi, da fasfonta, ta jirgin sama. Gaskiya ta ɗaure ni, na rasa amsar da zan ba ta. To tambayata: mutumin da ya amince, ya tafi da ƙafarsa, har ma da takardu, ta yaya zai zama wanda aka yi fataucinsa? Kuma me ya sa kullum in an ji labarin nan sai ka ga baƙo ne a wata ƙasa?

Sarkin_Gardama
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina yarinyar ta fi ka gaskiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba wanda ya sa wa kowa wuƙa a wuya. Mutum zai sayar da abin da ya mallaka ya bai wa dillali, in abu ya yi kyau ya turo hotuna yana taƙama, in ya ɓaci kuma a ce an yi safararsa. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Zee_Mama
Sarki ka fara ke nan tun ba a zauna ba 😂

Barista_Nana
Baban Ilham, ƙanwar taka ta haɗa abu biyu wuri guda, kuma yawancin mutane haka suke yi. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da yarjejeniyoyin da ake kira na Palermo, sunan birnin Italiya da aka sa musu hannu. Ɗaya a kan fasa-ƙwaurin baƙin haure, ɗaya a kan safarar mutane, kowace da ma'anarta.

Fasa-ƙwauri ciniki ne: ka biya ni, in tsallakar da kai iyaka ba bisa ƙa'ida ba, mu rabu. Laifin da aka yi, ƙasa aka yi wa. Safara kuwa laifi ne da aka yi wa shi mutumin, kuma sai abu uku sun haɗu. An ɗauko shi, ko an kai shi, ko an ajiye shi, ko an karɓe shi. An yi haka ta hanyar tilas, ko barazana, ko yaudara, ko amfani da raunin da yake ciki. Kuma manufar ita ce a ci da guminsa: aikin dole, karuwanci, bauta, har cire sassan jiki. Yarjejeniyar ta faɗa ƙarara cewa in an yi amfani da ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, amincewar da mutum ya yi tun farko ba ta da wani tasiri. In kuma yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a ma buƙatar a nuna an yaudare shi.

Don haka Sarki, wuƙa a wuya ba sharaɗi ba ce. Ƙarya ta isa.

Sarkin_Gardama
Barista ranki ya daɗe, wannan dokar takarda ce. A zahiri babba mai hankali ba ya cewa an yaudare shi a kan abin da duniya duk ta sani.

Ummu_Khalil
Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau ba zan iya shiru ba. Ni na yi tafiyar da ƙanwarka take shirin yi, Baban Ilham. Shekara biyu da wata bakwai na yi. Da takarduna cif na tafi, ta jirgi, ba ta sahara ba.

Tun a filin jirgi wani mutum ya zo da takarda mai sunayenmu, mu shida, ya miƙo hannu ya ce fasfo. Muka ba shi, don mun ɗauka wani hatimi za a buga. Ban sake riƙe fasfona ba sai ranar da zan dawo. Na san inda yake kuwa, a wata durowa a ɗakin uwar ɗakina, ni nake goge saman durowar kullum da safe, makullin yana cikin jakarta. An ce mini mutum huɗu ne a gidan. Da na je na tarar da goma sha ɗaya, kuma duk Alhamis a kai ni gidan mahaifiyarta in yi wani aikin. Ina kwanciya ƙarfe ɗaya na dare a ɗan ɗakin da injin wanki yake, in tashi kafin asuba. Albashin wata uku na farko ban gani ba, aka ce na ejan ne. Da na yi magana, matar ta ce ita ta biya kuɗi masu yawa kafin a kawo ni, in ina son tafiya in biya ta.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ƙofar gidan ba kullum take a kulle ba. Ni nake fitar da shara. Sau nawa na tsaya a bakin titi da ledar shara a hannu ina kallon motoci suna wucewa. In tafi ina? Ban iya yaren ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, ban san sunan unguwar da nake ba, ba ni da ko sisi, wayata ba layi. Kuma an riga an gaya mana tun ranar farko, duk wadda ta fita za a kai rahoton ta gudu, daga nan ita ce mai laifi, 'yan sanda su kama ta. Sai in ajiye sharar in koma ciki da ƙafata. Irin ƙafar da Sarki yake magana.

Hajiya_Mairo
Allah sarki 'yar uwa. Allah Ya saka miki. Wallahi sai da na yi hawaye a wajen sharar nan.

Zee_Mama
Sarki sai ka yi magana mu ji.

Malam_Isiyaka
Ummu Khalil, Allah Ya yi miki albarka da kika faɗa. Abin da kika kwatanta shi ne tsarin kafala da ake bi a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da Lebanon da Jodan: izinin zamanka a ƙasar yana rataye da sunan mutum ɗaya, kafilinka. Shi ne mai ba ka aiki, kuma shi ne takardarka. Ranar da kuka ɓata, ba aiki kawai ka rasa ba, ka zama baƙon haure a take.

Ga kuma amsar rabin tambayar Baban Ilham ta biyu. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar tare da abokan aikinta a 2022 ta ce a 2021 mutum miliyan 27.6 ne suke cikin aikin tilas a duniya, kuma ma'aikaci ɗan ci-rani ya fi ɗan ƙasa yiwuwar faɗawa ciki fiye da ninki uku. A 2024 ƙungiyar ta ƙiyasta haramtacciyar ribar da ake samu daga aikin tilas a kan dala biliyan 236 a shekara. Sana'a ce babba, ba tsautsayi ba.

Abu_Yasir
Malam, a yi adalci dai. Kafalar nan an fara sassauta ta. Qatar ta soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin a canza aiki a 2020, Saudiyya ma ta yi nata gyaran a 2021. Ni ina aiki a yankin shekara tara, fasfona yana hannuna, albashina yana shiga banki a kan lokaci. Kada a sa mutane su ɗauka duk wanda ya tafi bawa ne. Akwai dubban gidaje da suke ci suna sha da kuɗin da ake turowa.

Malam_Isiyaka
Gaskiyarka Abu Yasir, kuma ban ce kowa ba. Amma gyaran Saudiyya na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, su da direbobin gida da masu aikin gona da kiwo. Wato waɗanda suka fi zama a ɓoye su aka bari a baya. Kai kana kamfani, kuna da yawa, kuna da ofis. Mace ɗaya a cikin gida bayan katanga, wa zai leƙa? A Lebanon dokar ƙwadago ma ba ta shafi 'yan aikin gida ba sam. A 2020 da tattalin arzikinsu ya rushe, iyayen gida sun riƙa kawo 'yan aikinsu 'yan Habasha suna ajiyewa a ƙofar ofishin jakadancin ƙasarsu a Beirut da jakunkunansu, wasu ba a biya su ba.

Sarkin_Gardama
To na ji ta Ummu Khalil, kuma ina ba ta haƙuri in maganata ta sosa mata rai. Amma har yanzu in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Wannan duk matsalar ƙasashen da ba su da doka ce. A Turai ko Amurka wa zai riƙe maka fasfo?

Barista_Nana
Sarki, da ma ba ka faɗi wannan ba. Bayan guguwar Katrina ta 2005, wani kamfanin gyaran jiragen ruwa a kudancin Amurka ya ɗauko ƙwararrun masu walda da haɗa bututu kusan 500 daga Indiya. Kowannensu ya biya dillalai dala dubu goma ko fiye, bisa alƙawarin za a ba shi takardar zaman dindindin. Da suka iso, bizar wucin gadi ce, mai ɗaure da wannan kamfanin kaɗai. Aka cusa su a ɗakunan kwantena cikin sansani mai masu gadi, ana kuma cire musu kuɗin kwana a albashi. A 2015 kotu a New Orleans ta yanke a biya biyar daga cikinsu dala miliyan 14. Maza ne, masu sana'a, da biza halastacciya, a Amurka.

Birtaniya ma a 2012 ta ɗaure bizar 'yan aikin gida da ubangidan da ya shigo da su, sai a 2016 aka ɗan sassauta bayan ƙorafi ya yi yawa. Sunan ne kawai ba kafala ba.

Dan_Cirani_82
Ni bari in ba ku ta ɓangaren marasa takarda, don na yi shekara huɗu a haka a wata ƙasar Turai. Aikin gona muke yi. Wanda yake ɗaukarmu ba mai gonar ba ne, wani ɗan tsakiya ne, kuma abin takaici shi ma baƙo ne irinmu, ya dai riga mu zuwa ya iya yare. Shi zai kawo mota da asuba, a cire kuɗin mota. Shi ya ba mu wurin kwana, a cire. Ruwan sha a gona, a cire. Yana da wani ɗan littafi mai jan bango da yake rubuta bashin kowa, ba ka taɓa ganin abin da ke ciki, sai dai ya buɗe ya karanta maka. Akwai watan da na yi aiki kwana ashirin da shida, da aka zo lissafi wai ni ake bi.

Wata rana wani yaro a cikinmu ya yanke a hannu, yanka mai zurfi. Muka ce a kai shi asibiti, shi da kansa ya riƙa roƙonmu kada a kai shi, don yana tsoron a tambaye shi takarda. Da tsumma muka ɗaure. Ɗan ƙasa in an cuce shi wajen hukuma yake gudu. Mu kuwa hukumar muke gudu, kuma mai cutar da mu ya san haka sarai. Ba ya buƙatar ya doke ka. Ya ɗaga waya kawai ya ce bari in kira su.

Hajiya_Mairo
Wannan ta ɗan uwa ya cuci ɗan uwa ita ta fi ci mini rai. Kusan duk labarin da na ji, wanda ya haɗa tafiyar sananne ne, ko dangi ko ƙawa ko wani da ake ganin mutuncinsa. Shi ya sa ba a bincike, ana jin kunyar a tambaye shi takarda.

Aiki_A_Waje_247
Albishirinku! Ana neman mata da maza aiki a ƙasashen waje, albashi mai tsoka, biza cikin sati biyu, ba sai ka biya komai yanzu ba. Mai so ya same ni ta akwatin sirri.

Zee_Mama
Innalillahi 😂😂 Ana maganar kura sai ga ta ta leƙo.

Shugaban_Zaure
Na cire mai wannan tallar daga zaure, amma na bar rubutun don kowa ya ga yadda suke magana. Duk wanda ya tura wa saƙo ta gefe ya sanar da ni. A ci gaba.

Injiniya_Bash
Tunda tallar nan ta shigo, bari in ce wani abu ga masu ganin sai jahili ake kamawa. Yanzu akwai safarar da masu digiri take nema. Za ka ga talla a Facebook ko Telegram, ana neman wanda ya iya kwamfuta da Turanci, aiki a Thailand, har hira za a yi da kai ta bidiyo. Kana sauka a Bangkok mota ta ɗauke ka, a yi ta tafiya har bakin iyaka, a tsallaka da kai kogi zuwa Myanmar, cikin wani gini mai katanga da masu bindiga. Aikin shi ne damfarar mutane ta intanet, an yanka maka adadin da za ka kawo, in ba ka cika ba duka ko a sayar da kai ga wani gidan. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Agustan 2023 aƙalla mutum 120,000 ne a irin wannan hali a Myanmar, wasu kimanin 100,000 a Kambodiya. Kuma in ka kuɓuta, ga ka a ƙasar da ka shiga ba bisa ƙa'ida ba, ka kuma aikata damfara da hannunka. Wa zai fara kallonka a matsayin wanda aka zalunta?

Sarkin_Gardama
To ai kun dawo kan maganata. Maganin abin a rufe iyakoki da kyau, a hana tafiyar. In ba hanya ba mai tafiya, in ba mai tafiya ba wanda za a sayar.

Dan_Cirani_82
Sarki, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ka rufe ƙofa mutane su bi ta taga, kuma mai tagar ya ƙara kuɗi. Kuɗin da ya ƙaru shi ne bashin da ya ƙaru, bashin kuma shi ne igiyar. Ka tuna 'yan Vietnam 39 da aka tsinci gawarwakinsu a bayan motar sanyaya kaya a Essex ta Ingila a Oktoban 2019? Iyaka a tsare take, shi ya sa suka shiga akwatin ƙarfe. Libiya fa? Bidiyon da CNN ta nuna a Nuwamban 2017, ana gwanjon mutane a kan dala 400, ai mutanen da suka maƙale ne, gaba ba hanya, baya ba hanya.

Barista_Nana
Ƙaramin gyara, Ɗan Ci-rani: shari'ar Essex ta fasa-ƙwauri ce da kisa, ba a kan safara aka hukunta su ba. Amma misalinka na Libiya ya nuna inda layin da na ja ɗazu yake gogewa. Mutum yakan fara a matsayin wanda ya biya a tsallakar da shi, a tsakiyar hanya a kulle shi a wani gida, a kira danginsa suna jin ihunsa a waya a ce su turo kuɗin fansa, in babu a sayar da shi ga mai gona ko mai gini. Ciniki ya rikiɗe ya zama safara ba tare da ya motsa daga inda yake ba.

Malam_Isiyaka
Ni ban yarda da Sarki ba, amma ban yarda a ce a buɗe komai shi ne magani ba. Ummu Khalil ai ta ƙofa ta shiga. Ma'aikatan Indiyan nan ma ta ƙofa. Abin dubawa shi ne in ka shiga, kana da ikon ka ce na bar aikin nan ba tare da ka zama mai laifi ba? A Maris 2022 Tarayyar Turai ta ba 'yan Yukren da suka gudo daga yaƙi kariya ta wucin gadi: izinin zama da izinin aiki a hannunsu, ba a hannun wani ubangida ba. Miliyoyin mata da yara ne, irin waɗanda masu safara suka fi so. Ban ce ba a cuci kowa a cikinsu ba, amma barazanar "zan kira 'yan sanda" ba ta aiki a kan wadda take da takardarta.

Abu_Yasir
Wannan kam haka ne. Ni ma abin da ya sa nake da kwanciyar hankali shi ne na san zan iya tafiya.

Nafisa_Dalibar_Shari'a
Malamai, ku yi haƙuri da katsalandan, akwai waɗanda ba a ambata ba: mutanen da ba baƙi ba ne a wata ƙasa kawai, ba su da ƙasar ma gaba ɗaya. 'Yan Rohingya dokar zama ɗan ƙasa ta Myanmar ta 1982 ta bar su a waje. Ba fasfo, ba ofishin jakadancin da zai tambayi inda suke. A Mayun 2015 an gano sansanoni da kaburbura a dajin iyakar Thailand da Malesiya, inda masu safara suke tsare su har sai dangi sun biya. A ɓangaren Malesiya kaɗai kabari 139 aka ƙirga. A 2017 kotun Thailand ta ɗaure mutum fiye da 60 a kan lamarin, har da wani janar na soja, Manas Kongpan. Wato wanda aka ba tsaron iyakar yana cikin cinikin.

Akwai kuma masuntan da kamfanin dillancin labarai na AP ya gano a tsibirin Benjina na Indonesiya a 2015, yawancinsu 'yan Myanmar, a jiragen kamun kifi na Thailand. An yi musu takardun bogi da sunayen Thailand, har waɗanda suka mutu da waɗannan sunayen aka binne su. Fiye da mutum 2,000 aka kuɓutar bayan rahoton.

Hajiya_Mairo
A binne mutum da sunan da ba nasa ba. Uwarsa tana can tana jira. La haula wala ƙuwwata.

Sarkin_Gardama
Amma fa kada a manta ɗan ƙasa ma ana safararsa a cikin ƙasarsa. Ko shi ma takarda ce ta hana shi gudu?

Barista_Nana
A nan kam ka yi daidai, Sarki, yau sau ɗaya 😄 Rahotannin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun nuna fiye da rabin waɗanda ake ganowa a cikin ƙasarsu aka yi safararsu. Ba sai an tsallaka iyaka ba. Sai dai ka lura da kalmar "ganowa". Baƙon da aka kama aka tusa ƙeyarsa a matsayin baƙon haure ba ya shiga wannan lissafin, ba wanda ya zauna ya tambaye shi yadda aka yi. Kuma talauci da rashin gata da suke kama ɗan ƙasa suna kan baƙo shi ma, sannan a ɗora masa rashin yare, rashin dangi, da tsoron kora.

Wasu ƙasashen sun gane haka. Amurka ta ƙirƙiro biza ta musamman a dokarta ta 2000 don waɗanda aka yi safararsu, guda 5,000 a shekara, amma galibi sai ka taimaka wa masu bincike. Yarjejeniyar Majalisar Turai ta 2005 ta ce a ba mutum aƙalla kwana 30 ya huta ya yi tunani, ba za a kore shi a ciki ba. Italiya tun 1998 tana da sashe na 18 a dokar shige da ficenta da ke ba da izinin zama ko da mutum bai tsaya shaida a kotu ba. Matsalar, mace da ke kulle a ɗakin injin wanki wa zai gaya mata akwai wannan?

Zee_Mama
Ni abin da ya fi girgiza ni labarin Mo Farah ne. Mutum mai zinare huɗu a gasar Olamfik, har sarauniya ta ba shi lambar girma, sai a 2022 ya iya fitowa ya ce sunansa na gaskiya Hussein Abdi Kahin, wata mata ce ta kawo shi Birtaniya daga Jibuti yana ɗan shekara tara da sunan wani yaro, ta sa shi aikin gida da rainon yara. Shekara talatin yana riƙe da maganar. In shi ya ji tsoron abin da zai faru da takardarsa, ina ga wanda ba kowa ba?

Ummu_Khalil
Zee, ba tsoron takarda kaɗai ba ne, har da kunya. Ni da na dawo wata shida ban gaya wa kowa gaskiya ba. An ci bashi don tafiyata, kowa yana zuba ido. Da ina can ma in na samu waya sai in ce lafiya lau. Kuma ku sani, wata yarinya ta zo ta tambaye ni ko ta tafi, na ce mata kar ta je, ta ce ai ni na je na samu nawa ne nake mata baƙin ciki. Ta tafi.

Abu_Yasir
Baban Ilham, tunda da wuya ka iya hana ta, ga abin da ni zan duba. Ta ga kwantiragin da idonta tun kafin ta tashi, da yaren da take ji, da sunan wanda za ta yi wa aiki da albashi da ranar hutu, kuma ta bar muku kwafi. Ku tabbatar ejan ɗin yana da lasisin hukuma. Bizar ta zama ta aiki ce, ba ta ziyara ba, don masu cewa "in kin isa za a canza" nan suke kama mutane. Ta haddace lambar waya biyu a ka, da ta ofishin jakadanci. Maganar a cire a albashi kuwa ita ce ba ta kwanta mini ba. Ƙa'idar ILO tun yarjejeniyarta ta 1997 a kan kamfanonin samar da aiki ita ce ba a cajin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ne yake biya. Ku tambaye shi nawa ne bashin gaba ɗaya, wata nawa za a yi ana cirewa, ya rubuta ya sa hannu.

Dan_Cirani_82
Duk wannan daidai ne, amma kwantiragi ma ana canza shi. Na san waɗanda suka sa hannu a ɗaya kafin su tashi, da suka sauka aka miƙo musu wani da yaren da ba su iya karantawa ba, ga bashi a wuya, ga ba tikitin komawa. Dole ƙanwar naƙi, suka sa hannu.

Sarkin_Gardama
Shi ya sa na ce a zauna a gida tun farko. Amma na janye maganar tsuntsu da ruwa, saboda Ummu Khalil.

Hajiya_Mairo
A zauna a ci me, Sarki? Kai ma ka san ba don daɗi ake tafiya ba.

Baban_Ilham
Na gode ƙwarai, 'yan uwa, ban zaci maganar za ta yi nisa haka ba. Ɗazu bayan la'asar na karanta mata rubutun Ummu Khalil daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, sannan ta ce ai ba kowane gida ne haka ba, kuma ta nuna mini na Abu Yasir da ya ce shekararsa tara lafiya lau. Na dai samu ta yarda muka kira ejan ɗin a gabana. Na tambaye shi kwantiragi, ya ce sai ta sauka za a ba ta. Na tambaye shi jimillar bashin, ya ce kada in damu, ba wani abu ba ne, kuma in muna da shakka akwai mutum uku da suke jiran gurbin. Ya ce fasfo yake so zuwa ranar Litinin.

Ummu Khalil, in ba damuwa, matata za ta iya yi miki magana ta gefe? Wataƙila in ta ji daga bakinki ya fi.

Ummu_Khalil
Ta yi mini magana bayan isha'i. Kuma kafin nan ku karɓi fasfon ku ajiye a wajenku.